Littafi a Hannu, Gawa a Gaba: Nazarin Rangaku, Karatun Holan a Japan

A wata na uku na kalandarsu ta shekarar 1771, wasu likitoci suka yi sammako zuwa Kozukappara, filin da ake zartar da hukuncin kisa a gefen birnin Edo, wanda yau ake kira Tokyo. An ba su izinin kallon fiɗar gawar wata mata mai kimanin shekara 50 da hauni ya sare wa kai. Biyu daga cikinsu, Sugita Genpaku da Maeno Ryotaku, kowa ya taho da littafi a cikin rigarsa, da suka fiddo sai ga shi littafi ɗaya ne: bayanin sassan jikin ɗan Adam na wani likita Bajamushe, Johann Adam Kulmus, a fassarar harshen Holan ta 1734. Genpaku bai iya karanta ko layi guda a cikinsa ba, zanen kawai yake kallo. Da aka buɗe gawar sai suka riƙa duban huhu da hanta da hanji, suna komawa kan takarda. Abin da ke cikin matar ya yi daidai da zanen Turawan, ya kuma saɓa wa abin da littattafan likitancin Sin suka shekara ɗaruruwa suna koya musu. Gani ya kori ji. Washegari suka hallara a gidan Ryotaku suka fara fassara, kuma a 1774 aikin ya fito da sunan Kaitai Shinsho, wato sabon littafin fiɗa.

Daga wannan rana aka saba ƙirga asalin al'adar karatun da ake kira Rangaku. Japanawa suna ce wa Holan Oranda, daga nan aka yanko "ran", shi kuma "gaku" ilimi ne. Kusan shekara ɗari, akasarin abin da Japan ta sani na likitanci da taurari da sinadarai da dabarun yaƙin Turai, ta harshen wannan ƙaramar ƙasa ya shigo mata. Ina ganin wanda yake son gane yadda Japan ta miƙe bayan 1868, a nan ya kamata ya fara dubawa, kuma a nan ne zai ga iyakar da masu mulki suka shata wa ilimin tun daga tushe.

Dalilin da ya sa Holan ce ba wata ba, siyasa ce. 'Yan Fotugal ne suka fara isa Japan a 1543, da bindiga da fatauci, masu wa'azin Kirista suka biyo su. Gidan Tokugawa, wanda ya riƙe sarautar shogun, wato babban sarkin yaƙin da mulki ke hannunsa, tun daga 1603, ya haramta Kiristanci a 1614. Bayan tawayen Shimabara na 1637 zuwa 1638, wanda akasarin masu yinsa talakawa Kirista ne, aka kori 'yan Fotugal a 1639. 'Yan Holan ba su zo da wa'azi ba, ciniki ya kawo su, don haka aka bar su, amma a 1641 aka tattara su a Dejima, wani ɗan tsibiri da aka cike teku aka yi a Nagasaki, mai siffar mafici, da gada ɗaya tal da masu gadi a bakinta. Ana yawan cewa Japan ta rufe ƙofarta ruf a wannan zamani. Maganar ta yi yawa. Tana hulɗa da Koriya ta Tsushima, da Ryukyu ta Satsuma, da mutanen Ainu ta Matsumae, ga kuma jiragen Sin da suka fi na Holan yawa a Nagasaki. Abin da gwamnati ta yi shi ne ta riƙe makullin kowace ƙofa. Duk jirgin Holan da ya iso sai shugabansu ya miƙa rahoton abin da duniya ke ciki, a fassara a aika Edo. A 1720 shogun Yoshimune, mai sha'awar gyaran kalanda, ya sassauta haramcin littattafan da ba su taɓa addinin Kirista ba, daga baya kuma ya umarci Aoki Konyo da Noro Genjo su koyi harshen Holan. Wajen Aoki ne Ryotaku ya fara ɗaukar karatu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a aikin 1771 shi ne ƙarancin guzurin da suka fara da shi. Ryotaku, wanda ya fi kowa sani, kalmomi 'yan ɗari kawai ya haddace, nahawu kuwa sai abin da ba a rasa ba. Babu ƙamus. Sukan wuni a kan jimla ɗaya. Dabarar da suka kama ita ce su fara da zanen da ke nuna jiki daga waje, inda sun riga sun san sunan kowace gaɓa a harshensu, daga nan su yi ta lalube zuwa ciki. Me ya sa mutanen da ba su da ƙamus suka ga abin zai yiwu? Amsar tana cikin wata tsohuwar al'ada. Fiye da shekara dubu kafin nan, Japanawa sun koyi karanta littattafan Sinanci ba tare da sun iya magana da Sinanci ba. Sukan sa 'yan alamomi a gefen rubutu masu nuna wace kalma za a fara karantawa, wace za a komo mata, sai jimlar Sinanci ta fito da tsarin Japananci. Kundoku suke kiran wannan. Duk wanda ya taɓa zama a zaure gaban malami, yana jan baƙi a littafin Larabci malam yana mayar masa da Hausa gaɓa-gaɓa, zai gane irin horon da wannan ke yi wa ƙwaƙwalwa: baƙon rubutu ba abin tsoro ba ne, abu ne da ake warwarewa a hankali. Likitocin nan da Sinanci suka yi karatunsu na likita, shi ya sa ma da rubutun Sinanci na malamai suka rubuta Kaitai Shinsho.

Hanya uku suka bi da kalmomi, kuma sun bayyana su a farkon littafin. In abu yana da suna a wurinsu, sai su sa sunan. In ba shi da shi amma sun gane ma'anarsa, sai su ƙera sabuwar kalma da haruffan Sin. In abin ya gagara, sai su rubuta lafazin Holan yadda kunne ya ji. Ta hanya ta biyu aka sami shinkei, jijiyar da ke kai saƙo a jiki, wadda likitancin Sin bai san da ita ba, da nankotsu, ƙashi mai taushi, wato guringuntsi. Har yau da su ake aiki a asibitocin Japan, kuma kalmar shinkei ta koma Sin ta zama tasu. Waɗanda suka biyo baya sun zurfafa. Udagawa Genshin ya ƙirƙiri sabon harafi ɗungurungum don ƙulluwar da ke fitar da ruwan jiki, wadda su Genpaku suka bari da lafazin Holan. Udagawa Yoan, a littafinsa na sinadarai da ya fara fitowa a 1837, ya raɗa wa iskar da muke shaƙa don rayuwa suna sanso. Kowace irin wannan kalma hukunci ce: mai fassara ya tsaya ya yanke shawarar mene ne abin kafin ya ba shi suna. Wanda ya ari lafazi kawai bai shiga wannan wahalar ba, kuma bai sami wannan ribar ba.

To amma labarin Kozukappara, yadda ya iso mana, daga bakin mutum ɗaya ya fito. Genpaku ne ya rubuta shi a 1815, yana da shekara 80 da 'yan kai, a littafin da aka sani da Rangaku Kotohajime. Tsoho ne yana tuna ƙuruciyar wani aiki da ya yi suna, kuma dole a karanta shi da wannan a rai. Ba su ne suka fara fiɗa a Japan ba; Yamawaki Toyo ya yi a Kyoto tun 1754. Ba su ne kuma suka fara fassara daga harshen Holan ba. A Nagasaki akwai gidajen tafintoci da ke gadon aikin kaka da kakanni, irin su Motoki da Yoshio da Narabayashi, waɗanda suka san harshen sanin da likitocin Edo ba su kusa da shi ba. Motoki Ryoi ya fassara wani littafin sassan jiki kusan shekara 90 kafin su Genpaku. Yoshio Kogyu, babban tafinta, shi ne ma ya rubuta wa Kaitai Shinsho gabatarwa. Shizuki Tadao, wanda ya ajiye aikin tafinta ya duƙufa ga karatu, shi ne ya kawo wa Japan ilimin Newton, ya ƙera kalmar ƙarfin jan ƙasa, ya kuma gano tsarin nahawun Holan. Shi ne a 1801 ya ƙirƙiri kalmar sakoku, ƙasa a kulle, yana fassara wani rubutu na Engelbert Kaempfer, likitan da ya zauna a Dejima. Wato kalmar da Japanawa ke bayyana zamanin keɓewarsu da ita, ita kanta 'yar fassara ce. Malaman Edo sun ɗauki tafintoci a matsayin ma'aikatan ciniki, kuma tarihin da suka rubuta ya ajiye su a gefe.

Ko sunan Ryotaku babu a jikin littafin na 1774, alhali shi ne ƙashin bayan aikin. An fi rinjayar da cewa bai gamsu da fassarar ba, ya ƙi sa sunansa a abin da ya san akwai kurakurai a cikinsa. Akwai su kuwa, har sai da Otsuki Gentaku, almajirinsu su biyun, ya sake aikin aka buga a 1826. A wannan saɓani ina tare da Genpaku, wanda ya ga marasa lafiya ba za su jira fassara ta cika goma ba, ko da yake ba don tsantsenin Ryotaku ba da babu abin da za a buga.

Akwai mutum biyu kuma da suka fi kowa ba ni tausayi a labarin. Likitocin ba su riƙe wuƙa ba a ranar. Taɓa gawa ƙazanta ce a al'adarsu, aikin mutanen da aka ware ne, masu jima da kwashe mushe, waɗanda doka ta ajiye ƙasa da kowa. Wanda aka shirya zai yi fiɗar, Toramatsu, bai ji daɗi ba, sai kakansa, tsoho ɗan shekara 90, ya zo a madadinsa. Tsohon ya sha yin wannan aiki tun yana saurayi. Shi ne ya riƙa nuna musu sassan, har da waɗansu da ya ce kullum yana ganin su a wuri ɗaya a kowace gawa amma bai san sunansu ba, kuma babu likitan da ya taɓa tambayar sa. A filin nan kaf babu wanda ya san cikin ɗan Adam kamarsa. Genpaku ya adana mana wannan, a yaba masa, amma bai rubuta sunan tsohon ba. Ita ma matar laƙabinta kawai ya rage, Aocha Baba, tsohuwa mai koren shayi. Sai a 1871 aka soke matsayin waɗannan mutane a doka, wariyar kuwa ta daɗe bayan haka.

Da ƙofa ta buɗe, abin ya yaɗu da sauri, domin ƙasa ce mai madaba'u da shagunan hayar littafi da makarantun unguwa. Gentaku ya buɗe makaranta a Edo, Inamura Sanpaku ya fitar da ƙamus na farko a 1796. A ƙauye ma abin ya kai: a 1804 Hanaoka Seishu, wanda ya haɗa maganin gargajiyar Sin da tiyatar Holan, ya cire wa wata mata ciwon daji a nono bayan ya sumar da ita da haɗin da babban sinadarinsa zaƙami ne, kusan shekara 40 kafin a yi irin wannan a Amurka. A Osaka, Ogata Koan ya kafa Tekijuku a 1838. Ƙamus ɗaya ne rubutun hannu a makarantar, a ɗakinsa na musamman, ɗalibai suna bin layi dare da rana. Ana zama a karanta nassi, kowa ya fassara, a ba shi maki, kuma wanda ya fi maki shi ke zaɓar wurin kwana mai kyau, ɗan samurai ne ko ɗan manomi. A ƙasar da haihuwa ke yanke wa mutum matsayinsa har ya mutu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da ruwan rigakafin agana ya iso Nagasaki a 1849, ta hannun irin waɗannan likitoci ya ratsa ƙasar, Koan da kansa ya buɗe wurin yin lamba a Osaka a shekarar.

Gwamnati kuwa tana kallo, tana so tana tsoro. A 1811 ta kafa ofishin fassara nata na kanta, kuma sunan da ta ba shi yana kiran littattafan da na baubayi. Ƙa'idar da ba a rubuta ba ita ce: ka fassara jiki, ka fassara taurari, ka fassara igwa, amma kada ka fassara mulki. Hayashi Shihei ya buga littafi yana gargaɗin cewa gaɓar tekun ƙasar a buɗe take ga jiragen waje. A 1792 aka ƙwace allunan bugunsa aka tsare shi a gida, a shekarar kuma jirgin Rasha ya iso arewa. Philipp Franz von Siebold, Bajamushen likitan Dejima da ya tara almajirai a Narutaki, an kama shi a 1828 da taswirar Japan da aka yi bisa awon Ino Tadataka. Shi korarsa aka yi. Takahashi Kageyasu, masanin taurarin gwamnati da ya ba shi taswirar, a kurkuku ya mutu.

Mafi muni ya zo a 1839. Shekara biyu kafin nan an yi wa wani jirgin waje mai suna Morrison ruwan igwa, alhali ya zo ne da wasu Japanawa da teku ta ɓatar. Takano Choei, almajirin Siebold, da Watanabe Kazan, mai zane kuma babban hadimin wani ƙaramin sarki, kowannensu ya rubuta cewa wannan hanya za ta jawo wa ƙasa bala'i. Sun san abin da suke faɗa, domin sun karanta labarin ƙarfin Ingila. Torii Yozo, jami'in da ya fito daga gidan manyan malaman Konfushiyas na fada, ya sa aka kama su. Kazan ya kashe kansa a 1841 yana tsare a garinsu. An yanke wa Choei ɗaurin rai da rai. Gobara ta tashi a kurkukun a 1844, ya fita bai koma ba. Shekara shida yana ɓuya gari-gari, yana fassara littattafan soja ga sarakunan da suka ɓoye shi, har ya ƙona fuskarsa da magani don kada a gane shi ya dawo Edo yana duba marasa lafiya da wani suna. A 1850 aka rutsa da shi, ya mutu a wajen kamun. Shekara uku bayan haka jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Perry suka tsaya a bakin tekun Edo, kuma da harshen Holan aka tattauna da Amurkawan.

Daga nan masu mulki suka rungumi Rangaku hannu bibbiyu, amma ɓangaren da suke so. A Saga an gina tanderun narka ƙarfe don zuba igwa a 1850, daga littafin wani hafsan Holan, mutanen da suka gina shi ba su taɓa ganin irinsa ba. Sakuma Shozan ya tsara abin a matsayin aƙida: ɗabi'a da tsarin zama na Gabas, fasaha ta Yamma. Wannan rabo yana da kyau a ji, kuma ya kare wa Japan abubuwa da dama. Sai dai yana nufin talaka zai sami rigakafi da jirgin ƙasa, amma tambayar wa ya ba mai mulki iko ba tasa ba ce.

Harshen Holan kansa bai daɗe ba. A 1859 Fukuzawa Yukichi, wanda ya yi shugabancin ɗalibai a Tekijuku, ya je sabuwar tashar Yokohama ya tarar bai iya karanta ko allon shago ba, duk Ingilishi ne. Ya koma gida ransa a ɓace, ya fara sabon harshe. Da ya shiga sai ya ga wahalar da ya sha ba ta tafi a banza ba, domin abin da Rangaku ya koya masa hanyar shiga baƙon littafi ce, kuma tana aiki ga kowane harshe. Zamanin Meiji, wanda ya fara a 1868, ya ɗauki hanyar nan ya kai ta inda aka hana su Choei zuwa. Nishi Amane, wanda ya yi karatu a Leiden, ya ƙera tetsugaku don falsafa. Nakamura Masanao ya fassara littafin Mill a kan 'yanci a 1872, Nakae Chomin ya fassara Rousseau. A nan ne aikin ya fi wuya, domin hanta ana iya buɗe ciki a gan ta, 'yanci kuwa babu gawar da za a duba. Kalmar da suka zaɓa, jiyu, a tsohon amfaninta tana ɗauke da ƙamshin son kai da yin abin da aka ga dama. Kalmar haƙƙi, kenri, an haɗa ta da harafin iko da na riba. Masu adawa da ƙungiyar neman 'yancin jama'a sun sami makami a cikin kalmomin da kansu.

Duk da haka, lokacin da Mori Arinori ya kawo shawara a 1872 cewa Japan ta koma Ingilishi, har masanin harshen da ya nemi ra'ayinsa a Yale, William Whitney, ya hana shi. Jami'ar Tokyo, wadda ɗaya daga tushenta ofishin fassarar nan ne, ta fara da malamai Turawa, cikin 'yan shekaru ta koma koyarwa da Japananci, domin kalmomin suna nan an riga an ƙera. Bayan 1895 ɗaliban Sin suka yi ta zuwa Japan suna kwasar waɗannan kalmomi zuwa gida. Amma ba kalmomi kaɗai Japan ta fassara ba. A 1876 ta tura jiragen yaƙi ta tilasta wa Koriya yarjejeniya irin wadda ƙasashen Yamma suka tilasta wa Japan ɗin, kusan layi bisa layi. Raina Sin da ya fara a matsayin gyaran kuskuren littafin likita ya rikiɗe ya zama raina maƙwabta, kuma Koriya da Sin sun biya farashinsa da rayuka.

A Kozukappara akwai wani wurin ibada mai suna Ekoin, wanda aka gina don yi wa waɗanda aka kashe addu'a. A jikin bangonsa akwai allon tunawa da fiɗar 1771, da hoton bangon Kaitai Shinsho. 'Yan taku kaɗan daga nan akwai kabarin Hashimoto Sanai, ɗan likita daga Fukui, ɗalibin Koan a Tekijuku, wanda ya tashi daga karatun tiyata ya shiga ba sarkinsa shawara a kan buɗe ƙasa da kuma wanda ya cancanci gadon shogun. A 1859 gwamnati ta sare masa kai saboda ya sa baki a abin da ta ce ba huruminsa ba ne, yana da shekara 25, aka kawo gawarsa wannan fili aka binne.